Ƙullin Tham

"Ɗaga ƙafarki. Ke, keke kike takawa ko fushin mijinki kike hucewa a kai?"

Tham ta ɗaga ƙafa, amma keken ɗinkin bai tsaya ba sai da ya haɗiye bakin yadin, zare ya cukurkuɗe a ƙasa kamar taliya. Iya Muoi, tsohuwar da katangar langa-langa kaɗai ta raba gidanta da na Tham, ta lalubo almakashi ta datse zaren, ta zaro kwarkwaro ta hure shi ta mayar. Idanunta sun daɗe da yin hazo, da yatsu take gani.

"Sake. A hankali. Yadi ba a jan sa, raka shi ake yi."

Tham ta haura arba'in ba ta taɓa zama gaban keke ba. Ɓare jatan lande a wani kamfani ta iya, shi ma kamfanin ya rufe ya bar su da ƙarni a hannu. A bakin kasuwa akwai shagon da ke ɗinka kayan 'yan makaranta, suna neman mutum ɗaya tak, kuma sai an gwada. A kan wannan gurbi ta ɗora duk fatanta, don tukunyar gidanta ta fara yin sanyi.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ba ita ta roƙa ba. Iya Muoi ce ta leƙo ta saman katanga ta ce ta zo ta koya mata. Wannan tsohuwa da suka yi shekara da shekaru suna gaba saboda ruwan kwata, wadda ko gwandarta ta faɗo gidanka sai ta aiko a karɓa! Ga shi kuma Diep, jikar ƙanwar tsohuwar, ita ma gurbin take nema.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Tham ga mijinta Luc, yana kwance a ragar lilonsa yana fifita da hula.

"Ke dai ba a iya miki. A hana ki, ki ce rowa. A ba ki, ki ce tarko."

"To ji. Na duba a waya, duk mai koyarwa cewa yake in ka kai ƙarshen ɗinki ka kashe bakinsa, ka ƙulla zare. Ita kuwa ta ce kul na ƙulla. Wai in bar jelar zare tana reto."

"Wataƙila yayin da ne."

"Yayin da ne mutane ke yawo riga na warwarewa? So take ranar gwaji a ja ɗinkina ya zare a gaban jama'a, Diep ta shige."

Zargin ya samu taki da Iya Muoi ta ɗauke tsummokaran koyo, ta fito da farin yadi mai laushi, yankakke tsaf, riga da wando. Tham ta tambaya na wane ne.

"Ina ruwanki? Ɗinka. Kuma ban da maɓalli, igiya za a sa."

Wato har aikin wani ake yi da ƙafarta kyauta. Tham ta haɗiye maganar, ta ce a ranta za a ga wanda ya fi wayo. Tsohuwa ba ta iya dogon zama yanzu. Ƙafafunta sun kumbura, kunun shinkafa ma cokali kaɗan take sha ta ture, tana cikin faɗa sai kai ya langaɓe, barci ya ɗauke ta. Tham ta ga duk wannan, amma ta ɗauka lamɓo ne, har takan ɗaga hannu a gaban fuskarta ta gwada ta. In ta tabbata barci ne, sai ta kama jelar zare ta ƙulla, ƙanana ƙanana, ta tura su cikin lanƙwasar kalmasa inda yatsa ba zai ji ba. Hammata, wuya, ƙugu, ƙafar wando, ba inda ta bari. Ta ji daɗin kanta ƙwarai.

Ranar da aka gama, Iya Muoi ta shafa rigar daga wuya har ƙasa.

"Layinki ya miƙe, 'yar nan. Ba ki ƙulla ba dai?"

"Haba Iya, ba kin hana ba?"

"Madalla. Na gaji da riƙo."

Tham ta fita tana taɓe baki.

Safiyar gwaji ta yi wanka, ta sa rigarta ta fita unguwa, Luc ya tayar da babur a ƙofa. Sai ta ji ƙanshin turaren tsinke daga gidan maƙwabciya, ga takalma jibge a bakin ƙofa. Ta leƙa. Iya Muoi na kwance a gadon katako, an rufe mata fuska da farin ƙyalle, an ajiye kwanon shinkafa da ƙwai a wajen kanta. Ɗanta ne ya kawo mata kunu ya tarar ta cika.

Goggo Sau, wadda ke shirya duk mamatan lungun, tana zaune a ƙasa ta shimfiɗa farar riga a cinya. Tham ta gane ɗinkinta tun daga ƙofa.

"Ke kika ɗinka mata?" in ji Goggo Sau. "Kin kyauta. Ta roƙi surukarta, ta roƙi Diep, kowa ya ce kiran mutuwa take yi. Ta ce da ni ke ma in kin sani ba za ki taɓa ba."

Tana magana tana bin kalmasa da farce, sai farcen ya tsaya. Ta juya yadin, ta matsa kusa da haske.

"Wannan fa?"

Tham ta dubi ƙullin da ke ƙarƙashin farcen. Ita ma 'yar lungun ce, ta sani sarai ba a yi wa kayan mamaci ƙulli. Kowane ƙulli ɗaure mai tafiya yake da gidan duniya, ya hana shi wucewa, ya hana na baya sakewa. Ta sani tun tana yarinya, zargi ne ya rufe mata ido ta kasa gane abin da ke hannunta.

"Guda nawa ne?" in ji Goggo Sau.

"Ko'ina, Goggo."

Goggo Sau ta dube ta, ba faɗa ba zagi, wanda da ta yi ma da ya fi sauƙi.

"Malamin gidan ibada ya tsayar da lokaci, kafin rana ta take za a sa ta a akwati. A wajena hannun da ya ƙulla shi ke kwancewa. Kuma ba da almakashi ba, kada ki huda mata riga."

Daga waje Luc ya danna oda.

"Tham, rana tana yi. Diep ma na ga ta wuce."

Tham ta dubi ƙofa. Ta san ba za a jira ta ba, ta san kuma abin da ke cikin tukunyarta. Ta tuɓe takalmi, ta zauna a gefen gadon, ta karɓi allura daga hannun Goggo Sau.

"Iya, ni ce Tham," ta ce a hankali. "Ki ɗan jira ni."

Ƙullin farko ya yi gardama, don ta ja shi da ƙarfi ranar da ta yi shi. Ta sa bakin allura tana lallaɓa shi har ya saki. A waje babur ya yi ta ƙugi, can kuma ya yi shiru. Luc ya shigo, ya ɗage labulen taga ya riƙe mata don haske ya sauka a kan yadin.