Giwa Ɗaya Mai Ƙaunar Doreen

Shekara arba'in Orville Pelkey yana gaya wa mutanen Dunmore cewa shi ba tunkiya ba ne. 'Yan jam'iyyar Jaki tumaki, 'yan jam'iyyar Giwa tumaki, shi kaɗai aka yi wa kai. Kullum da safe a shagon gahawar Bev sai ya maimaita wannan karatu, har masu yankan katako suka koyi zama can ƙurya.

Dokar jiharsu ta New Hampshire kuwa ta yi wa irinsa gata. Ranar zaɓen fid da gwani, ɗan ba-ruwanmu yana iya karɓar takardar jam'iyyar da ya ga dama. Sai dai da ya karɓa, rajista ta mai da shi ɗan jam'iyyar, har sai ya tsaya a teburin bakin ƙofa ya sa hannu a ɗan kati, sannan ya koma yadda yake. Orville ya haddace wannan, kuma ba wanda ya tsira daga jin ta a bakinsa.

"Kati, jama'a, kati!" haka yake cewa yana buga tebur. "Wawa ne kawai ke fita bai sa hannu ba."

A watan Janairu, da aka zo fid da gwanin shugaban ƙasa, ya karɓi takardar Giwa, ba don ƙauna ba, don dai ya ɓata wa wani ɗan takara da muryarsa ke ba shi haushi. Yana jefawa a akwati sai ya hango wata 'yar jarida a waje, mai ɗaukar hotonta yana naɗe igiya za su tafi. Mutumin da ya yi watanni yana jinya bayan aikin ƙugu, sai ga shi da gudu. Lucille mai rajista, wadda suka yi aji ɗaya, ta ƙwala masa kira daga teburin bakin ƙofa. Ya ɗaga mata hannu ko waiwaye bai yi ba, a zatonsa gaisuwa ce.

"Ni ba ni da jam'iyya," ya faɗa wa na'urar, ƙirji a gaba. "Ba a taɓa sa min igiya a wuya ba."

Minti uku ke nan da zamansa cikakken ɗan Giwa. Aka nuna shi a talabijin na daƙiƙa tara, ya yi wata takwas yana ba da labari.

Ƙanwarsa Doreen ita ta yi jinyarsa, ita ta riƙa share masa ƙanƙara a ƙofar gida. Da ta fito neman kujerar majalisar jiha a ƙarƙashin Jaki, ba ta nemi kuɗinsa ba, ba ta nemi ya manna takarda ba.

"Ƙuri'arka kawai, Yaya."

"Tawa kawai? 'Yan ba-ruwanmu na garin nan a aljihuna suke. Ke dai je ki sayi takalmin rantsuwar kama aiki."

Ranar fid da gwanin kujerar, cikin Satumba, Doreen na tsaye a bakin zauren gari da allonta na neman ƙuri'a tun ƙarfe bakwai. Orville ya wuce ta yana ɗaga babban yatsa, ya shiga, ya faɗi sunansa da ƙarfi kamar akwai wanda bai sani ba.

"Ba ni ta Jaki."

Lucille ta bi layin da yatsa, ta ɗago ta kalle shi ta saman tabarau.

"Ta Giwa dai."

"Kunnenki ne ya tsufa? Jaki na ce."

"Kunnena lafiya lau. Kai Giwa ne, Orville. Ga shi a rubuce tun Janairu."

"Ni? Ni ɗin nan?"

"Kai ɗin nan. Na yi ta kiranka har muryata ta dishe, kana can kana gyara hula don hoto."

Ya sunkuyo, ya rage murya, abin da ba a taɓa ji ya yi ba. "Lucille, don Allah, goge mana. Ba wanda zai sani."

"An rufe canji tun farkon Yuni. Wata biyar kana da dama, kana wucewa ta gaban ofis kullum. Za ka karɓa ko ka matsa? Akwai mutane a bayanka."

Mutum mai kunya da ya fita ya gaya wa ƙanwarsa gaskiya a bakin ƙofa. Orville kuwa dabara ya nema. Ya karɓi takardar Giwa, ya ƙudundune ta a ƙirji, ya shiga bayan labule. A ƙasan sunayen 'yan takara akwai layin da babu komai, na wanda yake son rubuta sunan da ba a buga ba. Nan ya rubuta Doreen Pelkey da manyan baƙaƙe, har ya ji daɗin kansa. A ganinsa ya cika alkawari, duk da ya san ba a ƙirga ƙuri'ar Giwa a tseren Jaki.

"Ka yi?" Doreen ta tambaya da ya fito.

"Na rantse da hannuna na rubuta sunanki."

"Rubutawa kuma? Ai da'ira ake cikewa."

"To, shi ɗin nake nufi." Ya yi sauri ya nufi mota.

Washegari aka manna sakamako a ƙofar zauren. Doreen ta sha kaye da ƙuri'a shida. Ta tsaya ta karanta takardar har ƙasa, inda ake jera sunayen da aka rubuta da hannu, sannan ta taka zuwa shagon Bev. Orville na ciki yana bayyana wa mutum huɗu kurakuran da ta yi a yaƙin neman zaɓe.

Ta ja kujera ta zauna a gabansa, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

"Yaya, abin mamaki. A cikin giwayen garin nan kaf, ashe akwai guda ɗaya mai ƙaunata. Ƙuri'a ɗaya cif na samu a wajensu."

"Kin gani? Har abokan gaba sun san darajarki."

"Shi ya sa nake so in yi masa godiya. Rajista ai ta kowa ce. Tashi ka raka ni wajen Lucille mu duba waɗanda suka karɓi ta Giwa jiya."

Bev ta ajiye buta. Masu katako suka juyo da kujerunsu, karo na farko cikin shekaru.

Orville ya fara da dokar, wai an yi ta ne don a kama talaka. Ya koma kan Lucille, wai tun suna aji uku take jin haushinsa. Daga nan ya ce ai shida aka ce, ba ɗaya ba, ko ya yi ko bai yi ba duk ɗaya ne.

"Na sani," in ji Doreen. "Da a bakin ƙofa ka faɗa min, da dariya zan yi. Sanyi na sha awa goma sha biyu, ka kalli idona ka rantse."

Ta tashi ta ɗauki jakarta. Ya bi ta da "Doreen, tsaya mana," amma ƙafarsa ba ta motsa daga ƙarƙashin teburin ba, don yana jin idon mutane a ƙeyarsa. Ta tagar shagon ya ga ta tsallaka titi, ta tumɓuke na farko cikin allunanta na neman ƙuri'a daga ciyawa, ta jefa a bayan mota.