Bedin Ƙofar Kellu

Tun ranar da aka kawo mata ɗan bedin nan cikin baƙar leda, hankalin Kellu bai ƙara kwanciya ba. Wai kyautar furoje ce, shirin hukuma na dashen itatuwa: kowane gida a Gure zai dasa itace a ƙofarsa, gari ya yi inuwa, rairayi ya daina cin unguwa. To madalla. Amma wa ya kawo mata nata? Mansur ɗan Alhaji Tanko! Mutumin da ko barka da salla bai taɓa zuwa yi mata ba, yau ga shi da fara'a har kunne, wai shi ɗan kwamitin unguwa.

Filin da Kellu ke zaune ba nata ba ne. Shekarar da fari ya cinye musu bisashe a Bune, Alhaji Tanko ya ara wa mijinta Abatcha wurin, da baki kawai, suka kafa ɗaki. Alhaji ya rasu, Abatcha ya bi shi, waɗanda suka shaida maganar ma duk sun kwanta dama. Kuma kowa ya san ƙa'idar aro a ƙasar nan: ka yi ɗaki, ka ja danga, ka ɗaure akuya, amma ba ka dasa itace. Wanda ya dasa itace, cewa ya yi ƙasar tasa ce.

"Tarko ne wallahi," in ji ta a ranta. "In dasa yau, gobe ya kai ni gaban mai unguwa wai ina son cin filin ubansa, a watso mini kaya waje. Da tsufana ina za ni?"

Sai ta tura bedin bayan randa, tana ba shi ruwa a ɓoye, don dai tausayi.

An yi taro kan maganar dashen a filin lakwal, makarantar boko. Wata 'yar ma'aikatar magajin gari, Balkisa, yarinya mai hankali, ta yi ta roƙo: "Iyayena, garin naku ne, kowa ya faɗi abin da ke ransa." Maganar ta zo wa Kellu har maƙogwaro: mu masu zaman aro fa, yaya za mu yi? Amma wa ke zagayawa da lasifikar yana miƙa wa mutane? Mansur. Ta haɗiye abarta, ta gyara mayafi. Aka tafa, aka ce unguwa ta amince baki ɗaya.

Ranar dashe suka biyo gida-gida, da mai unguwa, da liman, da mai ɗaukar hoto. A ƙofar Kellu babu ko rami.

"Iya, ina naki?" Balkisa ta tambaya.

"Bayana ke ciwo, 'yar nan. Ba na iya duƙawa."

"Ai sai a haƙa miki, ke dai ki sa da hannunki."

Kellu ta saci kallon Mansur. Yana tsaye, hannuwa a baya, kamar kyanwa a bakin ramin ɓera. A'a, ba da ita ba! Ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi ta ce, "Ni dai ku bar ni."

"Haba, kar a wahalar da tsohuwa," in ji Mansur, murya kamar zuma. "Kawo in taya ki, Iya."

Kafin ta buɗe baki ya naɗe hannun riga, ya karɓi hauya. Ya haƙa, ya yage ledar, ya zaunar da bedin, ya danna ƙasa da tafinsa. Sannan ya ɗago ya dubi mai unguwa, ya dubi liman, ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Kun dai gani ko?"

Mai hoto ya ɗauka. Jama'a suka tafa, Balkisa har da cewa Allah ya yi masa albarka.

Nan Kellu ta gane. Wayyo! Shekara da shekaru babu wata alama a filin nan da ta ce na wane ne. Yau hukuma da kanta ta miƙo mata itace a gaban shaidu, ta ƙi karɓa, ta bar wa mai jira.

Mansur ya karkaɗe hannuwansa, ya rusuna mata da ladabi.

"Iya, a dinga ba shi ruwa safe da yamma. Kafin ki tashi daga filin."