Curin Irin Badaru

"Ɗaga min tabarmar nan in gan su," in ji Badaru, muryarsa kamar daga cikin tulu.

Kalilu, maƙwabcinsa, ya ɗaga. Curi ne na yumɓu da kashin shanu, kowanne kamar goro, an jera su a gindin bango suna bushewa. A cikinsu akwai irin yaryaɗi da ɗoɗɗoya da furannin daji waɗanda tsohon ya yi rani yana tsinta. Tun da aka kama feshin ciyawa fure ya ɓace a hanyar Sandamu, ƙudan zuma kuma suka bar masa amya fayau.

"Yumɓun na mene ne? Ka watsa irin mana."

"Tururuwa ta kwashe? Kai dai ka kai burtali ka jefa kafin ruwan fari. In ya dake su a gida, sun lalace."

"Ni da gemuna? A ce ina jefa wa gonakin mutane asiri?"

"Gemun da akuya ma ke da shi," Badaru ya ce. Dariya ta zame masa tari, har sai da matarsa Nagoggo ta tallafe shi.

Kalilu ya ce to. Amma ranar nan akwai kasuwar Mashi, washegari kuma ya hangi masu gonakin zaune a bakin burtalin, ya juyo abinsa. Ana haka ciwon ƙirjin ya ci ƙarfin Badaru. Ranar Laraba da hantsi aka kai shi makwancinsa.

Nagoggo ta shiga takaba. Ba ɗa, ba jika, kuma ba ta da halin zuwa daji sai damina ta yi nisa. Da Kalilu ya shiga yi mata gaisuwa, ta yi magana daga bayan labule.

"Malam Kalilu, gabas ta fara baƙi."

"Na gani, Nagoggo. Bari masu gaisuwa su ragu. Kin san bakin mutane."



Hadarin bai jira masu gaisuwa ba. Da la'asar iska ta taso, Kalilu yana tsakar gidansa yana janye buhun gero, sai ya ji ƙwal a kan kwanon rufi. Ya ɗauka ƙanƙara ce. Wani ya sake faɗowa gabansa ya fashe.

Curin Badaru ne. Daga bayan katangar Nagoggo ake jefo su, ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar fili take nema, can bayan gidajen, amma hannunta bai kai ba. Duk a gidansa suke sauka, kan simintin da ya shafe bara.

Ya buɗe baki zai kira ta, ruwa ya kece.

Yana tsaye a ƙofar ɗaki curin suka jiƙe, suka narke. Jan ruwa ya bi siminti a hankali ya nufi rariya, ƙananan iri suna yawo a kansa.