Allurar Hutun Rabin Lokaci

Wayar mataimakin koci ta sake yin ƙara a daidai lokacin da Ruxandra, likitar kulob, ta yanke bandejin Silviu da almakashi. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum. Ta danna gefe guda, ɗan wasan ya ciji wuyan rigarsa.

Hutun rabin lokaci ne, an zura musu ɗaya. Ɗakin ya cika da warin man zafi da jiƙaƙƙun takalma.

"Mista, maigida ne," in ji mataimakin, ya miƙa wa kocin, mahaifinta, wayar.

Koci Tavi ya buɗe muryar kowa ya ji. Maigidan kulob, Gavrilă, bai taɓa buga ƙwallo ba, gidajen mai gare shi, amma tun farkon kaka shi ke canja 'yan wasa ta waya.

"Tavi, ga Turkawa nan kusa da ni, don sayen Silviu suka zo. A yi masa allura ya koma fili."

"Jijiyar ta tsage," in ji Ruxandra. "In ya koma, tsinkewa za ta yi."

"Wace ce wannan? 'Yar taka? Gaya mata albarkacinka take ci, ba takardarta ta jami'ar Cluj ba. In ban ga Silviu a fili ba, ku biyun ku tattara."

Ya kashe.

Silviu ya kama hannunta. "Likita, don Allah. Sau nawa Turkawa ke zuwa garin nan? Soka min kawai, ƙafata ce."

"Taka ce. Hannun kuma nawa ne."

"Ai Mista ma da allura ya buga, har ya kai Sifen!"

"Ya kai," in ji mai tsaron gida daga lungu. "Ka taɓa ganinsa yana hawa bene?"

Babu wanda ya yi dariya.

Ruxandra ta dubi mahaifinta. Tana 'yar makarantar firamare aka dawo da shi daga Sifen a kan sanduna, ana gobe Kirsimeti, bai kai shekara talatin ba. Daga nan sai aikin koci: Brăila, Arad, Vaslui, kowane gari da sabon gidan haya da sabon maigida. Mahaifiyarta ta gaji ta tsaya a Arad. Ita ce ta ci gaba da bin sa, tana karatu a tashoshin jirgin ƙasa. Ba ta taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ba ta kuma tuna ranar da ta ji ya yi wata doguwar magana ba.

Yanzu ma yana tsaye yana ɓare 'ya'yan furen sunfulawa, yana tofar da ɓawon a tafinsa.

"Baba, ba zan yi ba."

"Na ji."

"Ko kai ka ce in yi."

Ya daɗe yana kallon gwiwar Silviu, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Sannan ya juya ga mataimakin. "Costel ya shiga a madadinsa."

Silviu ya yi jifa da takalmi, ya zagi uwar kowa, ya ce Mista tsoho ne mai hassada. Ruxandra ta ɗaure masa ƙanƙara yana zaginta.

Costel ya farke, aka tashi kunnen doki. Kafin 'yan kallo su gama fita, mai gadi ya zo yana sunkuyar da kai ya ce an umarce shi ya karɓi makullan ofis. Tavi ya ba shi, har ya tambaye shi ya jikin matarsa.

Suka taka zuwa tashar bas a cikin yayyafi. Ta jira ta ji fushi, ko daɗi, ba ta ji komai ba sai sanyi a yatsunta.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce to, ya sake cewa to.

"Wani mai kulob ne daga Reșița. Ya kori kocinsa ɗazu. Litinin za mu fara."

"Mu?"

"Na ce masa da likitata nake tafiya."

"Shi ma yana kiran benci a waya ana tsaka da wasa?"

"Duk suna kira, Ruxi."

Bas ta tsaya. Ta riga shi hawa, ta miƙo masa hannu.