Nauyin Taro

Hannun tsohon ya sake rawa, garin farar wuta ya zube a zanen gado. Mai wanki ta karɓi ɗan sikelin, ta ce shi dai ya faɗa, ita za ta auna.

Shekara da shekaru man da yake haɗawa ne ke rufe tsagar da sabulu ke yi wa hannuwanta. In babu shi ba ta iya taɓa ruwa, da wankin kuwa take ciyar da 'ya'yanta. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya koyi sana'ar, shi ya sa da ciwo ya kwantar da shi ya aika maƙwabta a kira ta.

Bai taɓa awo da komai ba sai tsofaffin kuɗin da aka daina karɓa tun kafin a haife ta. Ya zazzage su daga gwangwani, ya nuna mata sule, da sisi rabinsa, da taro rabin sisi. Ya ce a da sisi kan ciyar da gida wuni guda, yanzu ko yaro ba zai sunkuya masa ba.

"An kashe shi a kasuwa, 'yar nan, amma ba a rage masa nauyi ba."

Kakin zuma nauyin sule uku, farar wuta nauyin sisi. Tana maimaitawa yana tsokanarta, wai kanta ya fi dutsen guga tauri. Da suka zo kan kafur tari ya sarƙe shi, matarsa ta ce a bari sai gobe.

Washegari harshensa ya riga ya karye. Mai wanki ta durƙusa a bakin gado, kunya ta hana ta tambayar majinyaci awo. Can dai ta ce a hankali, "Baba, saura kafur."

Ya daɗe yana lalube cikin gwangwanin, sannan ya danƙa mata taro a tafin hannu ya rufe yatsunta. Matarsa ta share hawaye, ta ce Allah sarki, ya koma zamanin da, sadaka yake rabawa. Mai wanki ba ta gyara mata ba.

Kafin la'asar ya cika.

Bayan an watse daga zaman makoki ta zauna a ƙofar ɗakinta, kayan wankin mutane jibge a gefe. Ta ɗora taron a gefe guda na sikelin, tana barbaɗa kafur a ɗayan kaɗan-kaɗan, har ɓangarorin biyu suka daina lilo.