Wayar Bakin Sumayya

Kalilu na Gulma mutum ne mai gaggawa, ko shinkafarsa da ƙyar yake barinta ta nuna. Babu abin da ke cin ransa kamar bakin 'yarsa Sumayya. Shekarunta goma sha huɗu, jikin na 'yar takwas, haɓa ƙarama, haƙora sun cunkushe suna hawan juna. In dariya ta kama ta, sai ta ja hijabi ta rufe baki.

Likitar haƙori a Birnin Kebbi, wata Cecilia, ta ce da lalurar aka haife ta, mata kawai take samu, tana hana ƙashi girma. Wayar ƙarfe da ake ɗaurawa a baki za ta iya daidaita haƙoran, amma sai an ɗauki hoton ƙashi, sai ƙwararre, kuma sannu a hankali, domin saiwar haƙoran irin waɗannan yara gajera ce. Kalilu ya ɗauki maganar waya, sauran ya baro a asibiti.

A Argungu ya ga 'yan mata da wayar gayu a baki, wata mai shagon kwalliya ke manna musu. Washegari ya kai Sumayya, har da roƙon a ɗaure tamau. Yarinya ta dawo tana washe baki, maƙwabta na zuwa kallo. Da ta fara kukan ciwo, ya ce ai ɗori ma da zafi yake, haka gyara ya gada. Duk sanda wayar ta saki, shi da kansa yake mayar da ita shagon a ƙara matsewa.

Bayan girbi haƙoran gaba suka fara girgiɗi. Suka koma Birnin Kebbi.

Aka ɗauki hoton haƙoran, Cecilia ta daɗe tana dubansa. "Malam, wa ya sa mata wannan?"

"Ni nik kai ta, likita. Cewa kinka yi waya na gyara su."

"Matsin ya cinye saiwar. Huɗun gaba ba za su tsaya ba."

Kalilu ya dubi 'yarsa a kujera, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. "To, ai yarinya ta ƙarama. Wasu na tsirowa."

"Ta riga ta yi famfara, Malam. Waɗannan su ne na ƙarshe."

Sumayya ta taɓa hannun rigarsa.

"Baba, in anka cire su, a maida min wayata?"