Igiyar Awon Ƙofa

Ranar da aka ce an mayar da ni sabon asibitin da aka buɗe a wani gari, abokan aikina na ɗakin gwajin jini sai taya ni murna suke yi, ni kuwa hankalina yana kan Baba. Mu biyu ne a gida tun rasuwar Inna. Yayana yana can wata uwa duniya da iyalinsa, sai gaisuwar waya. Ni ke ɗiga wa Baba maganin ido, ni ke faɗa da shi a kan gishiri. Tun kafin in iso gida na gama yanke shawara: ƙafata ƙafarsa.

Na zaci za a sha daru. Baba kafinta ne, ko da yake ido ya yi rauni har ya rataye zarto, kuma taurin kansa ya fi na katakon da ya ƙare rayuwarsa yana yanka. Amma da na gaya masa, sai ya ce, "To, Auta, je ki nemo mana gida. Sharaɗina ɗaya ne. Inda kabad ɗin innarki bai shiga ba, ni ma ba zan shiga ba."

Kabad ɗin shi ya yi wa Inna da hannunsa tun ba a haife ni ba. Ya cinye bango guda na ɗakinsu, ga zurfi, don Inna ta ce har akwatunanta take so su shige. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Katako ne ya ci katako, aka bi da gam, saboda haka ba ya kwancuwa. Baba ya ɗauko igiya, ya auna shi ta gefen da ya fi siranta, ya yanke, ya ƙulle bakin biyu ya miƙo mini.

"Duk ƙofar da wannan ta shiga a kwance, ki kama gidan."

Na ɗauki 'yan kwanakin hutu na tafi. Garin babu wanda na sani a cikinsa, ko mai amsa mini sannu. Na sauka a wani masauki kusa da tasha, ɗaki mai gado ɗaya da fanka mai kuka. Dillalin da aka haɗa ni da shi wani gajere ne mai tsohon babur da tarin makullai a ƙugu. Da ya ji a asibiti nake aiki sai ya laƙaba mini Likita. Na gyara masa har na gaji, na bar shi.

A gidan farko, yana ta yabon tayil da famfo, ni kuwa na zaro igiyata na kara a ƙofa. Ya tsaya yana kallona.

"Likita, gida kike nema ko ƙofa?"

"Duka biyun."

"To, Allah ya ba mu sa'a. Maginan yanzu da ƙyar mai ƙiba ke shiga ɗakunansu, balle kaya."

Gaskiyarsa ce. Mun ga gidan da danshi ya ci bangonsa har fenti na zuba. Mun ga wanda tagarsa ke kallon bayan gidan maƙwabta. Mun ga wanda mai shi, da ya ji ba ni da aure, ya fara tari yana cewa an riga an kama. Wannan har yau in na tuna shi sai na yi tsaki. Sauran duk igiya ce ta kore su.

Akwai ɗaya da ya shiga raina. A hawa na biyu yake, ɗaki da falo, fes, ga iska, ta taga ana hango ƙofar asibitin. Na tsaya a tsakiyar falon har na zaɓi inda zan sa kujera. Na san ba na Baba ba ne, ga matakala, ga ƙanƙanta, amma duk da haka na kara igiyar, don zuciya ba ta da ƙashi. Ko kusa ba ta shiga ba. Dillali ya ce, "Likita, wannan ba ya kwana, ki yi tunani." Na ce ya rufe mu tafi.

Da yamma nakan sayi burodi da shayi in zauna a bakin gado, ina jin mutane a titi suna kiran juna da suna. Ban taɓa sanin kewa tana da nauyi haka ba. Wata rana na lura tun safe ban yi magana da kowa ba sai dillali, shi ma don sana'arsa ce. Sai in kira Baba.

"Ta shiga?"

"Ba ta shiga ba, Baba."

"To, ba komai. Kada ki wahalar da kanki, Auta."

Muryarsa wasai. Na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi, sai na ƙara ɗaure ɗamara. Abin har ya zame mini jiki. In na shiga kantin magani ko banɗakin tasha, sai in tsinci hannuna a jaka yana laluben igiya.

Ana gobe hutuna zai ƙare dillali ya ce akwai wani, amma da nisa, kuma tsoho ne. Mun yi ta tafiya har kwalta ta ƙare. Gida ne na ƙasa, da can wurin ɗab'in littattafai ne, shi ya sa aka yi masa ƙofa mai ɓari biyu don shigar da injuna, kuma ɗakunan ciki ma bakinsu a wangale. Ya yi mana yawa, asibiti kuwa sai an hau mota biyu. Na kara igiya. Ta shige har da sauran wuri.

Mai gidan wata tsohuwa ce da ke zaune a sashen baya ita kaɗai. Ta ga ina share hawaye a kan ƙofa, ta tambayi dillali ko lafiya. Na ba ta labarin Baba da kabad. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Kawo shi, mu samu abokin hira." A ranar na sa hannu na karɓi makulli.

Na kira Baba tun ina tsakar gidan. "Ta shiga!"

Shiru. Har na duba wayar ko ta katse.

"Kin auna da kyau?"

"Baba, 'yar kafinta ce fa ni."

"Haka ne," in ji shi. "Haka ne."

Na dawo gida na shiga haɗa kaya. Baba ba ya taya ni, ba ya hana ni, yana dai zaune a bakin gadonsa da hannuwa a kan gwiwa. Wata safiya ina fitar da zannuwan Inna daga kabad, na zo fita da su, sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na ajiye zannuwan, na zaro igiyar, na kara a ƙofar ɗakin Baba.

Igiyar ta zarce faɗin ƙofar da fiye da taƙi guda.

Na sake karawa. Na juya na dubi kabad, na dubi ƙofar da na yi rarrafe a bakinta, na dubi 'yar tagar ɗakin.

"Baba, ta ina aka shigo da shi?"

"Ba a shigo da shi ba. Falle-falle na kawo katakon, a nan na haɗa shi."

"Kenan ba zai fita ba."

"Ba zai fita ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. "Ka sani, ka bar ni ina yawo a garin mutane da igiya kamar wadda akuyarta ta ɓata? Ka san gidan da na bari saboda kai?"

"Na san ƙofofin yanzu, Auta. Ban zaci za ki samu ba. Cewa na yi in kin gaji za ki kama ɗan ƙarami kusa da aikinki, ki ce za ki zauna kafin a samu mai babbar ƙofa. Ni kuwa wannan jiran ya ishe ni in ci gaba da zama a ɗakina."

"Me ya hana ka ce ba za ka je ba?"

"Da kin ajiye aikin. Ni na haife ki."

Na ce a kira magini a fasa bango. Na ce a yanka kabad ɗin biyu, in mun je a haɗa. Yana ta girgiza kai.

"Ba kabad ba ne. Idon nan tafiya yake yi, kin fi ni sani, ke ke ɗiga maganin. A ɗakin nan ko ya rufe gaba ɗaya na san inda butata take, na san inda ƙofa take. A can kuwa sai dai ki riƙe mini hannu, ke da ya kamata ki riƙe aikinki. Ki bar ni inda ƙafata ta san hanya."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa na yi kuka mai isata. Bai rarrashe ni ba. Ya dai ɗora hannu a kaina ya bar shi nan. Da na gama, na tashi na mayar da zannuwan Inna inda suke.

Sauran kwanakin kafin tafiyata na ƙare su ina koya wa matar maƙwabcinmu yadda ake ɗiga maganin, da yadda za ta gane in ya ɓoye gishiri. Na kira dillali a kan gidan benen, ya ce tuni wasu suka tare.

Na iso sabon gidan da rana tsaka, a ƙaramar mota, da jaka biyu da katifa. Tsohuwar ta sa an share tsakar gida, ta ajiye kujera mai hannu a inuwa, ta wangale ƙofar nan ɓari biyu ta tokare kowanne da dutse. Tana tsaye tana leƙen bayana, tana jiran babbar mota.

"Ina baban namu?"

"Yana gida, Iya."

Ta dube ni, ta dubi jakunkunan. Na sunkuya na janye dutse ɗaya, na ce mata a rufe wannan ɓarin, ɗayan ya ishe ni.